Japa: albashin fam dubu biyu, amma nawa ne ke kwana a aljihu?

Tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta a majalisu da Facebook ita ce: wanda ya tattara ya bar ƙasar nan ya tsira ne, ko kuwa an gudu ne ba a tsira ba? Wasu su ce maka ko shara za ka yi a Landan ta fi kujerar darakta a Abuja, wasu kuma su ce bauta ce kawai aka sa mata kwat da laktaye. Ni abun da na lura da shi duk ɓangarorin biyu ba wanda ke zama da biro da takarda, kowa da hoton da ya gani a waya yake magana.

Kwanaki ɗan yayata ya same ni a gida bayan isha'i, ko zama bai gama yi ba ya miƙo min waya. "Kawu, duba nan don Allah." Hoton takardar albashin wani abokinsa ne da ke aikin kula da tsofaffi a Birmingham, fam 1,984 a wata. Ya riga ya buga a kalkuleta, fam ɗaya naira dubu biyu, ya ba shi kusan naira miliyan huɗu. Shi kuma yana nan da digirinsa yana koyarwa a makarantar kuɗi, albashinsa ko mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in bai kai ba. Buƙatarsa wai in sa baki mahaifiyarsa ta yarda a sayar da filin da babansu ya bar musu, saboda akwai wani ejan da ya ce zai yi masa hanya. Na ce masa ja hoton ƙasa mu ga sauran. Babu sauran, an yanke ƙasan takardar, kuma a ƙasan ne ake rubuta abun da ya shiga asusu bayan an cire na cirewa.

Japa da ci-rani ba abu ɗaya ba ne

Kalmar japa daga Yarabanci ta zo, ma'anarta a arce, a gudu ba waiwaye. Mu kuwa tafiya neman kuɗi ba sabon abu ba ne a wurinmu, kakanninmu sun je Gwanja fataucin goro, zangon Kumasi da na Accra shaida ne, wasu sun kama hanyar hajji a ƙafa suka yada zango a Sudan har yau jikokinsu na can. Amma ɗan ci-rani da rani yake fita, damina ta faɗi ya dawo gona, kuma abun da ya kai shi bai wuce kuɗin mota da ɗan guzuri ba. In tafiyar ba ta yi ba ya hau mota ya dawo, gonarsa na nan ba wanda ya taɓa ta.

Japa kuwa sai ka sayar da gonar tukunna kafin ka tafi. Wannan shi ne babban bambancin da mutane ba sa kula da shi, tafiya ce da ake zuba mata jarin miliyoyi tun kafin a ga ko kwabo, kuma ƙasar da za ka je ita ke da ikon canza doka a tsakiyar wasa ba tare da ta tambaye ka ba.

Dalilin da ya sa abun ya yi ƙamari kowa ya san shi, ba sai na ja ba. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati kafin a ce kwabo ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga rashin tsaro, ga rashin aiki. Wanda ya ce zai tafi ba mahaukaci ba ne, kuma ni ban zo in ce kar kowa ya tafi ba.

Lissafin da aka yanke daga hoton

Bari mu ɗauki albashin abokin nan nasa. A Ingila a Afrilun 2025 an mayar da mafi ƙarancin albashin wanda ya kai shekara 21 fam 12.21 a awa. In ka yi awa 37 da rabi a sati, a shekara ka tashi da wajen fam 23,800, wato 1,984 ɗin nan a wata, kaga kenan abokin nasa a can ƙasan tsani yake, albashin da doka ta hana a biya ƙasa da shi ne yake ɗauka.

To daga nan gwamnati za ta fara yankar nata tun kuɗin bai iso hannunka ba. Fam 12,570 na farko a shekara ba haraji, abun da ya hau kai a cire kashi 20 cikin ɗari, sannan a sake cire kashi 8 na inshorar ƙasa. Abun da zai rage wajen fam 1,720 ne a wata, in kuma kana cikin tsarin fansho na wurin aiki, wanda kai tsaye ake saka mutum sai dai in shi ya ce a cire shi, a ƙara zare wajen fam saba'in.

Sai haya. A nan mun saba a biya ta shekara a huta, can duk wata ne, kuma ba maganar "Alhaji a yi min haƙuri zuwa ƙarshen wata". Ɗaki ɗaya tal a gidan haɗaka, kicin da banɗaki ku huɗu ko biyar kuna bin layi, a garuruwan wajen Landan ka shirya fam ɗari biyar zuwa ɗari bakwai, a Landan kuwa yana tasam ma dubu. Kafin a ba ka mukulli sai ka ajiye dipozit da zai iya kai hayar sati biyar, kuma da yake kai baƙo ne ba ka da tarihin biyan bashi a ƙasar, masu gida da yawa sai sun ce ka kawo wanda zai tsaya maka. In gida sukutum ka kama saboda iyali to harajin kansil, wato na ƙaramar hukuma, na jiranka duk wata, ga wuta, ga gas, ga ruwa, ga intanet, har kallon talabijin kai tsaye sai da lasisi, fam 174.50 a shekara a farashin 2025.

Ina da aboki da muka yi sakandare tare, yana wani gari a arewacin Ingila. Wata rana a watan Disamba muka yi bidiyo kol, wajen ƙarfe huɗu na yamma agogonsu amma ta tagarsa duhu ne kamar bayan magariba. Yana zaune a bakin gado da jaket da hular sanyi da safa a cikin ɗakinsa, na ce kai kuwa fita za ka yi ne, ya yi dariya ya juya min kyamara ya nuna min mitar gas mai kati, ya ce hita awa biyu yake kunna ta, ɗaya da asuba ɗaya in zai kwanta, in ya bar ta ta kwana kuɗin abincin sati ne ya tafi. A gefen gadon ga takalmin aiki da kwalbar man zafi, shif ɗin awa goma sha biyu yake yi yana ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera, ya yi musu wanka ya canza musu ƙunzugu. A nan gida mataimakin manaja ne a banki kafin ya tafi. Bai ce min ya yi nadama ba, ya dai ce in duk wata ya iya ture fam ɗari uku gefe to watan ya yi kyau, kuma ɗari ukun nan mutum goma sha ne ke jiran ta a gida, kowa na ganin ai yana Turai.

Fam ɗari uku a canjin dubu biyu naira dubu ɗari shida ce, kuɗi ne ba ƙarya, ta ninka albashin ɗan yayata sau da yawa. Amma ba miliyan huɗu ba ce, kuma sai ka cire abun da aka kashe wajen tafiyar ka ga shekara nawa za a yi kafin filin da aka sayar ya dawo.

Hanyar karatu

Mafi yawan masu digiri ta nan suke bi, a nemi gurbin mastas na shekara ɗaya da niyyar in an shiga sai a san yadda za a yi. Kuɗin makaranta kaɗai yawanci daga fam dubu goma sha wani abu ne zuwa sama. Bayan shi sai ka nuna kuɗin zama na wata tara a asusunka, a ƙa'idar Janairun 2025 fam 1,136 a wata in wajen Landan ne, 1,483 in a Landan ne, wato fam 10,224 ko 13,347, kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusun ba su ragu ba. Ga kuɗin biza sama da fam ɗari biyar, ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara ga ɗalibi (sauran masu biza 1,035 suke biya), ga gwajin tarin fuka a Abuja ko Legas, ga jarrabawar Turanci ta IELTS in makarantar ta nema, ga tikiti.

Da yawa aron kuɗin nan suke yi a zuba a asusu na kwana 28 a biya mai kuɗin ladansa, in biza ta fito ya kwashe abinsa, sai mutum ya sauka filin jirgin Heathrow na Landan da aljihu kusan wayam da tunanin zai yi aiki ya biya komai. To ɗalibi awa 20 kawai doka ta ba shi a sati lokacin da ake karatu. Buga awa 20 sau 12.21, a wata bai kai fam 1,060 ba. Ita kanta gwamnatin a ƙa'idar Janairun 2025 ta ce 1,136 kake buƙata don ka ci ka kwana kawai, kaga ko cikinka da hayarka aikin bai rufe ba balle sauran kuɗin makaranta. In kuma ka zarce awa 20 a ɓoye aka kama ka, bizar ce za ta tafi.

A 2024 an ga yadda abun ke ƙarewa. Ɗaliban Najeriya da dama a jami'ar Teesside ta Ingila da suka ajiye kuɗin makarantarsu a naira, naira ta faɗi kuɗin suka zama rabi, suka kasa cika biya a kan lokaci, aka dakatar da su aka sanar da hukumar shige da fice, wasu har takardar barin ƙasa aka ba su. Ba almubazzaranci suka yi ba, canji ne kawai ya juya musu baya suna tsakiyar kogi.

Bizar da ke ɗaure da mai gida

Wannan ita ce hanyar da ejan ɗin ɗan yayata ke talla. A Fabrairun 2022 Ingila ta buɗe ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, sharaɗin shi ne wani kamfani mai lasisi ya ba ka takardar ɗaukar nauyi, wadda suke ce wa CoS. Takardar nan ba ta sayarwa ba ce, kamfanin da ke buƙatar ma'aikaci shi ke biyan kuɗinta, amma aka mayar da ita haja, mutane suka riƙa biyan miliyoyi. Wasu suka isa can suka tarar ba aikin, ko kuma a ba su awa goma a sati maimakon arba'in, kuma ba bakin ƙorafi saboda bizarka da sunan kamfanin take. In ya kore ka ko aka ƙwace lasisinsa, kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai ɗaukar nauyin ko ka bar ƙasar. A jikin bizar kuma an rubuta ɓaro-ɓaro ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati. Gwamnatin Ingila da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, abun da ya shafi ma'aikata sama da 39,000.

Sannan ƙofar ma rufe ta aka yi ta yi a hankali. Daga Janairun 2024 ɗalibin mastas na yau da kullum ba zai tafi da mata da yara ba sai mai karatun bincike. Daga 11 ga Maris 2024 masu aikin kula da tsofaffi su ma aka hana su ɗaukar iyali. A Afrilun 2024 albashin da ake buƙata don bizar ƙwararru ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700, a Yulin 2025 ya koma 41,700, kuma a 22 ga Yulin 2025 ɗin aka daina ɗaukar sabbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Wato abun da ejan ke son a sayar da fili a saya, ƙofarsa a kulle take. Da na faɗa wa yaron haka sai ya ce ai ejan ɗin ya ce yana da mutane a ciki.

Masu cewa to a koma Kanada, can ma a Janairun 2024 kuɗin da ɗalibi zai nuna ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, suka kuma sa iyaka a yawan ɗaliban da za su karɓa.

Saudiyya, wadda ta fi kusa da mu

Gaskiya in ana maganar japa a arewa, Ingila ta 'yan boko ce, talaka Saudiyya yake hange, musamman mata masu zuwa aikatau. Tsarin can shi ne kafala, wato iƙamarka, takardar izinin zama, a hannun kafili take, mai gidan da ya ɗauki nauyinka. A Maris 2021 sun sassauta dokar yadda ma'aikacin kamfani zai iya canza wurin aiki ko ya fita ƙasar ba sai da izinin mai gida ba, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, su kuwa su ne mafi yawan mutanenmu. Dokarsu ta hana a riƙe fasfon ma'aikaci, amma ana riƙewa. In wuya ta yi wuya yarinya ta gudu daga gidan, kafili ya kai rahoton hurub, wato ta tsere, shikenan ta zama mai laifi, daga nan sai ɓuya sai tarhil, wato a tsare ta a koro ta gida.

Wata maƙwabciyarmu bazawara da yara uku ta tafi ta hannun wata hajiya, da yarjejeniyar albashin watannin farko na hajiyar ne har ta fanshe kuɗin jirgi da biza. Bayan shekara biyu aka dawo da ita, na je yi mata sannu da zuwa, abun da ta shigo da shi gidan jaka ɗaya ce Ghana-mas-go da abayar da ke jikinta da silifas, sauran kayanta da kuɗin wata huɗu suna gidan da ta gudu ta bari. Hannayenta duk sun sale saboda sinadarin wanke banɗaki. Abun mamaki bayan ta huta ta fara cigiyar yadda za ta koma, ta ce a can ko ba komai tana turo wa yara kuɗin makaranta, a nan wa zai ba ta. Ban samu amsar da zan ba ta ba.

Masu shiga da bizar umara su maƙale kuwa su sani bizar ba ta aiki ba ce, zaman takari zaman ɓuya ne, ba asibitin gwamnati cikin kwanciyar hankali ba makarantar kirki ga yara. Ko mai iƙama ta halal in yana aikin kamfani ya kawo iyali, riyal 400 yake biya kan kowane mutum ɗaya duk wata, mai mata da yara huɗu riyal dubu biyu kenan kafin a sayi ko burodi.

Hanyar Agadas ba zan tsaya a kanta ba don wannan ba lissafin kuɗi ba ne, lissafin rai ne. A Oktoban 2013 gawa 92 aka tsinta a sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawa mata da ƙananan yara, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, motarsu ta lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya. Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, motoci sun dawo fili, amma saharar ita ce dai, kuma Aljeriya na ci gaba da kwaso mutane ta zube su a kan iyaka su taka kilomita 15 a ƙafa zuwa Assamaka.

Abubuwan da ba sa shiga kalkuleta

A nan in matarka ta haihu ga uwa ga ƙanwa ga maƙwabta, yaro a hannun jama'a yake tashi. A can raino kuɗi ne mai tsada, shi ya sa za ka ga miji na shif ɗin dare mata na na rana, a bakin ƙofa suke haɗuwa su miƙa wa juna yaro, aure da yawa a nan suka fara tangal-tangal. Tarbiyya ma sai ka sake koyo, a Scotland da Wales dukan yaro laifi ne kai tsaye, a Ingila ma in malamar makaranta ta ga shatar bulala a jikinsa ma'aikatan jin daɗin yara za su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Mai mata biyu ya sani biza mace ɗaya ta sani. In mutuwa ta zo, kabari sayen sa ake yi da dubban fam, sai an yi karo-karo a masallaci. Sannan ga wanda ya fi ciwo, a bugo maka waya a ce mahaifiyarka ta rasu, kafin ka gama duba farashin tikiti an dawo daga maƙabarta.

To su wa tafiyar ke yi wa rana?

Akwai su kam, kuma da yawa, kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa gida na kai wajen dala biliyan ashirin a shekara, ba daga sama suke faɗowa ba. Likitan da ya ci PLAB, jarrabawar samun lasisin aikin likita a Ingila, nas ɗin da ta yi rajista da hukumar nas-nas ta Ingila asibiti ya ɗauke ta kai tsaye, mai ilimin kwamfuta da kamfani ya nema da kansa, ɗalibin da ya samu cikakken tallafi irin Chevening ko Commonwealth ko na PTDF na gwamnatin Najeriya, waɗannan ba su sayar da komai ba kuma ba su biya kowa kuɗin hanya ba, in ma abun bai yi ba takardarsu na hannunsu za su iya juyawa wani wuri. Illar tasu tafiyar a kanmu take faɗawa, mu da za mu je asibitin gwamnati mu tarar da likita ɗaya da layin mutum ɗari.

Wanda ke cikin haɗari shi ne na tsakiya, mai digirin da ba a nemansa a can, ba shi da kuɗin kansa sai na gado ko na bashi, kuma duk abun da ya sani game da ƙasar daga bakin wanda zai karɓi kuɗinsa ya ji shi. Dokokin bizar nan duk suna shafin gwamnatin Ingila kyauta, har jerin sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi yana nan kowa zai iya dubawa.

A daren nan muka buɗe jerin a wayata ni da ɗan yayata, muka rubuta sunan kamfanin da ejan ya ba shi, muka juya harufan ta kowace fuska, bai fito ba. Ya yi shiru yana kallon wayar, can ya ce, "To Kawu, Jamus fa? An ce can karatu kyauta ne." Na ce masa a mafi yawan jami'o'in gwamnati haka ne, amma sai ka zuba sama da yuro dubu goma sha ɗaya a wani asusu da za a kulle kafin su ba ka biza. Ya jawo kalkuleta ya fara bugawa. Filin dai har yanzu yana nan, mahaifiyarsa ta sa an shuka mata wake a ciki bana.